Ka sauya fad ɗin birki da hannunka, mota ta kama kuka: yadda ake gano inda ƙarar take fitowa

Wata Asabar a cikin hunturu na shimfiɗa buhu a ƙofar gida na sauya fad ɗin birkin gaba na motata, Corolla ƙirar 2006, mai faifai a gaba da diram a baya. Fad shi ne abin da ke matse faifai ya tsayar da taya. Aikin bai ci mini awa biyu ba. Na wanke hannu, na zaga unguwa da ita sau ɗaya, birki yana kamawa cak. Ranar Litinin da safe na ɗauki yara zuwa makaranta, muka shiga cunkoso, sai ga shi duk sanda na ɗora ƙafa a hankali wani siririn kuka ya taso daga gaba, ƙiiii, har masu Adaidaita Sahu suna waiwayowa. Hankalina ya tashi, don yara uku ne a kujerar baya, kuma ni na taɓa birkin nan da hannuna.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne fad ɗin ba mai kyau ba ne, har na yi niyyar komawa kasuwa in sayo mai tsada. Kafin nan na biya ta wurin wani dattijon bakanike da ke bayan layinmu. Bai ko sunkuya ya leƙa ba. Ya ce, "Malam, yaushe take kukan? Sai ka taka, ko ko ba ka taka ba ma tana yi?" Na ce, "Baba, sai na taka, kuma a hankali." Ya ce, "To tsofaffin da ka cire, ka zubar da su?" Na ce suna nan cikin kwali. Ya ce in je in juya bayansu in duba. Da na koma gida na juya su, sai na ga wasu siraran faranti na ƙarfe manne a bayan kowanne, ƙura ta rufe su baƙi ƙirin har sun saje da jikin fad ɗin. Su ne ake kira shim. Sababbin da na saya ba su zo da nasu ba, ni kuma na ɗaura su haka tsirara.

Tambayar dattijon nan ita ce mabuɗin aikin duka. Lokacin da ƙara take fitowa shi ke nuna inda take, kuma wanda ya saurara da kyau kafin ya ɗauki sufana yakan kwance taya ɗaya, ba huɗu ba.

Kafin saurare, akwai alamun da idan ka ga ɗaya daga cikinsu ba a fita da motar ko zuwa bakin titi. Feda ta yi laushi kamar soso ko tana nutsewa har ƙasa. Man birki yana ɗiga a bayan taya ko ya ragu a tulunsa. Ƙarfe yana cin ƙarfe da gurnani mai kauri. Motar tana fizgewa gefe ɗaya da ƙarfi idan ka taka. Ko kuma wani abu yana bugawa ƙwal a ƙafar motar duk sanda birki ya kama. A ajiye ta a inda take, a gyara a wurin. Kuma duk wanda ya tura fistin baya (wato ƙarfen da ke danna fad a jikin faifai) don sabon fad ya shiga, wajibi ne ya tattaka feda sau da yawa har ta yi tauri tun motar tana tsaye. Takun farko da na biyu a banza suke tafiya, domin fistin bai riga ya dawo ya taɓa fad ba. A ƙofar gida mai yara suna wasa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan birki yana kamawa lafiya, ƙarar ce kawai, nemi hanya marar hayaniya, ka kashe rediyo, ka sauke gilasai duka. Ni nakan bi gefen wata doguwar katanga, don tana dawo da sauti, sai ka ji ko dama ce ko hagu. Ka bi ta da ɓangare ɗaya, ka juyo ka bi ta da ɗayan. Ka lura: ƙarar tana nan ko ƙafarka ba ta kan birki? Tana ƙaruwa da gudu? Tana canzawa idan ka karya sitiyari? Tana yi a ribas? Da sanyin safe ne kawai, ko sai birki ya ɗau zafi? Idan da wanda zai tsaya a gefe ya saurara maka, ya fi.

Siririn kuka idan an taka a hankali

Wannan shi ya fi yawa, shi ne kuma nawa. Karkarwa ce. Fad yana kama faifai yana saki, yana kamawa yana saki, fiye da sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya, kamar yadda izgar goge take kama tsirkiya tana saki har sauti ya fito. Faifan kuma ƙarfe ne mai amo, sai ya ɗauki karkarwar ya yaɗa ta. Shi ya sa idan ka danna birki da ƙarfi kukan yakan ɗauke: matsi ya hana fad rawa. Aikin shim da kilif (ƙananan ƙarafan da fad yake zama a kansu) da ɗan giris ɗin da ake shafawa shi ne su shanye wannan karkarwa kafin ta zama sauti. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne mai sauri yake tsallakewa, domin ko babu su mota za ta tsaya.

Ga yadda na sake buɗewa. Wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, birkin hannu a ɗage, dutse ko katako a bayan tayoyin baya. Na sassauta notunan taya tun tana ƙasa, na ɗaga da jak, sannan na sa turken ƙarfe a ƙarƙashi. Jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne, balle a kan ƙasa mai rairayi. Ko tayar da ka cire ma ka tura ta ƙarƙashin motar don ƙarin kariya. A motata sufana lamba 21 ke kwance notin taya, lamba 14 ke kwance bol biyu na kalifa, wato ƙarfen da ya rungume faifai mai ɗauke da fistin, lamba 17 kuma ta mazaunin kalifar ce. Da kalifa ta fita, rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada a bar ta tana reto a jikin tiyon man birki, domin tiyon yakan lalace ta ciki ba tare da an ga komai a waje ba.

Abu na farko, kama fad da yatsu ka zame shi gaba da baya a mazauninsa. Ya kamata ya tafi sumul, ba tare da girgiɗi ba kuma ba tare da sai an buga shi ba. Idan da guduma ka shigar da shi ranar farko, to ka samo matsala ɗaya. Yawanci tsatsa ce ta taru a ƙarƙashin kilif, waɗannan lanƙwasassun ƙarafa masu sheƙi da kunnuwan fad suke zama a kansu, ta ɗago su sama ta matse wurin. Cire kilif ɗin, ka goge mazaunin da burushin waya har farin ƙarfe ya bayyana, sannan ka mayar. Idan kilif ya saki, ya karye ko ya miƙe, a sayi sabo. Kuɗinsa kaɗan ne.

Na biyu, fil guda biyu da kalifa take zamewa a kansu. Jawo kowanne daga cikin robarsa. Ya kamata ya shiga ya fita da yatsa biyu kawai. Nawa na sama lafiya lau, na ƙasa kuwa a bushe ƙayau, tsohon giris ya zama kamar busasshiyar laka. Fil da ya cije yakan sa fad ya kwanta a karkace, gefe ɗaya ya ci fiye da ɗayan, kuka ya biyo baya. Goge shi tas da tsumma, ka share ramin, ka duba robar ko ta yage. Ka lura da wanda ya fito daga sama da wanda ya fito daga ƙasa, don a motoci da yawa ba iri ɗaya ba ne, ɗaya yana da 'yar roba a bakinsa.

A nan zan ja hankali sosai a kan giris. Baƙin giris na boris (ƙarfen da taya take juyawa a kansa) da ake samu a kowane gareji, da baƙin man inji, ba na wannan wuri ba ne. Tushensu man fetur ne, robobin birki kuma suna kumbura idan sun sha shi, sai fil ɗin da ka gyara yau ya cije bayan 'yan watanni. A nemi giris ɗin silikon ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa na kalifa ne. Masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sun san shi, yakan zo a ɗan bututu ko 'yar leda. Ana shafa shi siriri a jikin fil, a kunnuwan fad inda suke taɓa kilif, da kuma tsakanin bayan fad da shim. Abin da kan yatsa ya lakato ya isa taya ɗaya. Fuskar fad da fuskar faifai kuwa ko ɗigo kada ya taɓa su. Fad da ya sha mai ko giris ya tashi aiki, domin yana tsotsewa zuwa ciki. Wanke shi da fetur ba ya fitar da shi, sai dai a sake saye. Faifai ana iya wanke shi da feshin wanke birki. Idan sabon faifai ka sa, ka sani cewa da siririn mai yake zuwa daga kamfani don kada ya yi tsatsa a kwali, kuma sai an wanke fuskokinsa biyu kafin a ɗaura.

Ni na ɓamɓaro tsofaffin shim ɗina, na goge su, na ga ba su lanƙwashe ba, na mayar da su bayan sababbin fad. Da sun lalace da na sayo wasu.

Sai kuma abin da ban yi ba sam ranar Asabar ɗin, wato gabatar da sabon fad ga faifai. Sabon fad shafaffe ne, tsohon faifai kuma yana da ƙananan layuka da tsohon fad ya bari, don haka da farko a wurare kaɗan suke haɗuwa. Haka nan ana son fad ya bar wani siririn shafi na jikinsa a kan faifai ko'ina daidai. Yadda ake yi: a hanya miƙaƙƙiya marar motoci, kai kilomita 60 a awa, ka taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko kusan 10, ka saki ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake hawa. Maimaita sau 8 zuwa 10. Za ka iya jin ɗan ƙauri, ba laifi. Daga nan ka yi tafiyar minti 5 zuwa 10 ba tare da taka birki sosai ba, iska ta huce shi. Kada ka tsaya ka danne feda alhali faifai yana da zafi, don fad zai bar tambarinsa a wuri ɗaya. Idan a jikin kwalin fad an rubuta nasu tsarin, a bi nasu.

Wanda ya fita da sabon fad ya yi ta jan birki a doguwar gangara, ko ya yi ta dannawa da kaya niƙi-niƙi, zai iya tarar da fuskar fad ta yi santsi tana ƙyalli kamar tangaran. Irin wannan yana kuka kuma ba ya kamawa da kyau. A shimfiɗa samfefa mai lamba 120 a kan abu mai shafaffiyar fuska, a goga fad a kai har ƙyallin ya dushe, a sake gabatarwar daga farko. Rufe hanci da baki yayin gogar. Ƙurar birki ba a hura ta da baki ko da iskar famfo, don akwai fad da layinin diram da har yanzu ake haɗawa da asbestos, mai illa ga huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.

Idan an yi duk wannan kuka bai daina ba, a lokacin ne za a zargi fad ɗin kansa. Masu ƙarfe da yawa a haɗinsu sun fi surutu, na seramik sun fi shiru. Amma a ganina wannan shi ne zargi na ƙarshe, domin sabon fad mai tsada a kan busasshen fil kuka zai yi shi ma.

Ƙarar da ba ta jiran a taka birki

Da na gama da hagu na mayar da taya, sai na sami sabuwar ƙara: shaa, shaa, shaa, tana bin juyin taya, ko na taka ko ban taka ba. Na sake ɗagawa na juya tayar da hannu, ga ta nan. A bayan faifai akwai wani siririn kwano mai kare shi daga ƙura da tsakuwa. Garin kokawa da bol na ture shi da sufana ya lanƙwashe, ya taɓa faifan. Na ga inda ya yi farin zane. Da babbar sukudireba na tura shi baya kaɗan, ƙarar ta mutu nan take. A hanyoyinmu marasa kwalta tsakuwa ma takan maƙale tsakanin kwanon da faifai, ta yi ihu mai firgitarwa kamar ƙafar motar za ta cire. Wani lokaci ja da baya kaɗan yakan fitar da ita.

Akwai kuma wani ɗan harshen ƙarfe a jikin fad, wanda aka yi domin ya taɓa faifai ya yi ƙara idan fad ya kusa ƙarewa, saura kamar milimita 2. Idan ya lanƙwashe wajen ɗauri, ko aka sa fad ɗin ciki a waje, yakan soma kuka tun fad yana sabo. Kilif da bai zauna daidai ba shi ma yakan leƙo ya taɓa faifai. Shi ya sa yake da kyau a ɗauki hoton komai da waya kafin a kwance, kuma a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, don a sami abin kwatance. Tsohon faifai kuma yakan yi leɓe a bakinsa, inda tsohon fad bai kai ba. Sa farce ka ji. Idan leɓen ya yi tudu, sabon fad zai hau kansa ya riƙa gurza.

Bayan tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan birki ba, tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili, ba tare da taɓa faifai ba. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, ko yana ƙauri, birkin wannan gefe ba ya saki. Duba fil, duba ko kalifa ta juya wajen mayarwa har tiyo ya murɗe. Idan duka lafiya, mai yiwuwa fistin ne ya cije, kuma wannan aikin na gwani ne, don sai an buɗe hanyar mai an fitar da iska daga baya.

Gurnani, bugu da rawar feda

Gurnanin ƙarfe da ƙarfe nan take bayan gyara yana nufin abu mai nauyi, kuma mafi muninsa shi ne an juya fad, bayansa na ƙarfe yana kallon faifai. Yana faruwa, musamman ga na ciki da ba a gani sosai idan magariba ta kawo jiki ana sauri. Faifan da aka yi wa haka yakan yi zurfafan layuka, sai sauyi. Faifai kuwa, kamar fad, biyu ake sauyawa, dama da hagu tare.

Bugu guda, ƙwas, a takun farko ko idan an sauya daga gaba zuwa ribas, yakan zama fad ne ke tsalle a mazauninsa saboda babu kilif ko an ba ka wanda bai yi daidai da motar ba. Amma kafin komai a duba bol. A Corolla irin tawa bol ɗin kalifa ana ɗaure shi a Nm 34 (Nm awon ƙarfin ɗauri ne), na mazauninta a Nm 107, notin taya a Nm 103. Kowace mota da nata awon, yana cikin littafin gyaranta. Sufanar awo tana da ɗan tsada, amma ana iya aro, kuma bol ɗin mazauni da ya kwance a kan hanya yana iya sa kalifa ta daki wili ta ciki ta kulle taya.

Idan feda tana harbin ƙafarka ko sitiyari yana rawa yayin rage gudu a babban titi, faifai ne bai zauna daidai ba ko kaurinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Karkatar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, kusan kaurin silin gashi, don haka ɓarɓashin tsatsa a fuskar hob, inda faifai yake kwanciya, ya isa ya jawo ta. Cire faifan, goge fuskar hob da cikin faifan tas, mayar. Notunan taya a ɗaure su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, a zagaye biyu ko uku. Hawa kan sufana da ƙafa ko ƙara mata bututu yana matse wani gefe fiye da wani. A jikin faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da za a iya amfani da shi; nawa sabo milimita 25 ne, iyakarsa 23. Wanda ya kai iyaka ba a kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, sauyawa ake yi. Kuma idan ka dawo daga doguwar tafiya, bari faifai ya huce kafin a watsa masa ruwa a wurin wanki.

Ba kowace ƙara daga ƙafar mota ba ce ta birki. Ƙugi mai kauri da ke ƙaruwa da gudu, yana canza murya idan ka karya dama ko hagu, kuma bai damu da birki ba, boris ne, ko tayar da ta ci a karkace. Idan motarka tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa yayin birki, taka birki da ƙarfi a kan yashi zai sa feda ta yi kakkarwa da ƙara gir-gir. Aikinsa ke nan, kada a ɗage ƙafa. Kunne kuma yana yaudara a cikin mota: ƙarar da ka rantse daga gaba take tana iya zama ta diram ɗin baya da ba ka taɓa ba, wanda ƙurar hunturu da ta layinin suka cika. Gwajinsa mai sauƙi ne. A fili marar kowa, kana tafiya kamar mai takawa a ƙasa, ɗaga birkin hannu a hankali kana danne da maɓallinsa. Idan ƙarar ta fito, baya ce.

Nawa dai, bayan shim, fil, kwano da gabatarwa, motar ta yi shiru, da fad ɗin nan da na so in zubar. Da damina ta faɗi wata ƙara ta ɓullo: idan motar ta kwana a waje an yi ruwa, takun farko da safe yakan yi ƙurr mai kaushi. Na leƙa ta tsakanin wili na ga fuskar faifai ta yi ja-ja. Siririyar tsatsa ce ta dare ɗaya, faifan zubin ƙarfe ne, haka yake yi da danshi. Kafin in fita daga layinmu, taku biyu ko uku sun share ta, faifan ya koma sheƙinsa. Wannan ban kwance mata ko noti ɗaya ba.